Idan Aiki Ya Ƙare Ko Haihuwa Ta Zo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Haƙƙin Ma'aikaci

Na yi shekaru da dama ina akawu a sashen kula da ma'aikata na wata ƙaramar hukuma a Jigawa. Tun da na yi ritaya na dawo garinmu, da wuya a yi mako ba a yi sallama a zaurena bayan la'asar ba. Wani an sallame shi daga kamfani a Kano ya dawo gida da jakarsa. Wata ciki ya tsufa, tana tsoron neman hutu kada a ce ta zauna gida gaba ɗaya. Wani kuma saƙo ya gani a waya wai gwamnati na raba kuɗin marasa aiki. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su a nan tare da amsar da nake bayarwa a kan tabarma.

Wai da gaske ne akwai kuɗin da gwamnati ke biyan wanda ya rasa aikinsa duk wata?

Babu. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya sayar da akuyarsa ya yi kuɗin mota zuwa Dutse ko Kano neman ofishin da babu shi. A wasu ƙasashe akwai irin wannan tsari. A Afirka ta Kudu, alal misali, ana cire kashi 1 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ma ya zuba kashi 1, a tara a asusu guda. Ranar da aiki ya ƙare, sai mutum ya je ya nemi a riƙa ba shi wani abu na 'yan watanni kafin ya samu wani aikin. Ingila da Amurka ma suna da irin nasu. Mu a Najeriya ba mu da wannan asusu.

Abin da muke da shi 'yan haƙƙoƙi ne a warwatse: notis ko kuɗinsa, ragowar albashin da kake bi, wani kaso na kuɗin fanshonka idan kana da asusu, da diyya idan rauni ka ji a bakin aiki. Kowanne ƙofarsa daban. Kuma duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa, kafin a tambayi halin da iyalinka ke ciki, takarda za a fara tambayarka.

To N-Power da tallafin da ake rabawa fa, ba su ne ba?

Ba su ne ba. Waɗannan shirye-shirye ne da gwamnati ke buɗewa ta rufe a lokacin da ta ga dama, doka ba ta ɗora wa kowa ya biya ka su don ka rasa aiki ba. N-Power ya fara a 2016, aka riƙa ba masu digiri da NCE naira 30,000 a wata su koyar a firamare ko su taimaka a asibiti da harkar gona. A 2021 hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, wato NDE, ta gudanar da aikin mutum 774,000, wato mutum dubu daga kowace ƙaramar hukuma, Kano ta samu 44,000, Jigawa 27,000, ana biyan naira 20,000 a wata har wata uku. A Oktoban 2023 kuma aka ƙaddamar da tallafin naira 25,000 a wata na wata uku ga gidaje miliyan 15.

Irin wannan tallafi na ƙarshe daga rajistar masu ƙaramin ƙarfi ake zaɓo sunaye. Jami'ai ne ke zuwa gari, a tara maza daban, mata daban, matasa daban, mutanen gari da bakinsu su faɗi gidajen da suka fi buƙata, sannan a bi gida gida ana rubutawa. Idan ka ji mai unguwa ya yi shelar zuwansu, ka bar abin da kake yi ka halarta, kuma lambar NIN ɗinka ta kasance a hannu. Mai son koyon sana'a kuma, NDE tana da ofis a kowace jiha.

An turo mini saƙo a WhatsApp in cike fom in biya naira 2,000 a sa sunana. In biya?

Kada ka biya, kada kuma ka ba su BVN ɗinka ko lambar sirrin katinka ko lambobin da banki ke turowa a waya. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba ka tallafi, aljihunka yake nema. Na san dattijon da aka kwashe wa kuɗin takinsa kaf ta wannan hanya, ana saura mako biyu a fara shuka.

Mai gidana ya ce kada in dawo gobe. Haka doka ta yarda?

Dokar Ƙwadago ta ƙasa, a sashe na 11, ta faɗi mafi ƙarancin notis ɗin da za a ba ma'aikaci gwargwadon daɗewarsa. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Notis na mako ɗaya ko fiye dole a rubuce yake. Idan mai aikin ba ya son ka ci gaba da zuwa, yana iya biyanka kuɗin waɗannan kwanaki a madadin notis. Idan kuma takardar ɗaukarka ta faɗi wa'adin da ya fi wannan tsawo, nata ake bi. Inda ake sallama nan take shi ne idan babban laifi ne, kamar sata, kuma ko a nan albashin kwanakin da ka riga ka yi aiki naka ne.

Idan rage ma'aikata ake yi saboda aiki ya ja baya, sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda za a rage, a fara da waɗanda suka zo daga baya, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, kuma mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama. Dokar ba ta yanke adadin kuɗin ba. Shi ya sa inda ma'aikata ke da ƙungiya mai ƙarfi sukan fita da abin kirki, inda babu kuwa kowa ya kama gabansa hannu rabbana.

Ni ba a taɓa ba ni takardar ɗaukar aiki ba. Shi ke nan ba ni da komai?

Kana da shi, sai dai tabbatar da shi zai fi wuya. Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa, saboda haka rashin takardar laifinsa ne, ba naka ba. Amma mu faɗi gaskiya, a injinan casar shinkafa na Kura da Hadeja, da gidajen mai, da gidajen burodi, da ƙananan makarantun kuɗi, yawancin ɗauka da baki ake yi: "ka zo ranar Litinin."

Ka tara duk abin da zai nuna ka yi aiki a wurin. Alat ɗin albashi da ke cikin wayarka, kada ka goge. Katin shaida na wurin aiki, rigar aiki, hoton rajistar da kuke sa hannu da safe, saƙonnin da manaja ke turo maka, da abokan aiki biyu da za su iya tsaya maka. Idan a hannu ake biyanka, ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta rana da adadi.

Na ji ana iya cire wani abu daga kuɗin fansho kafin tsufa. Yaya abin yake?

Wannan shi ne abu mafi kusa da kuɗin rasa aiki a ƙasar nan, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce duk wata a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun ma'aikacin da ke hannun kamfanin fansho. Wannan ya shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya da kamfanoni masu ma'aikata 15 zuwa sama. Idan mutum bai kai shekara 50 ba, aikinsa ya ƙare, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana da damar cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Sauran ya zauna sai ya kai 50.

A lissafa a gani. Idan a kan naira 50,000 ake cirewa, duk wata naira 9,000 ke shiga. A shekara shida an tara naira 648,000, ban da ribar da kamfanin fansho ya juya. Kashi ɗaya cikin huɗu na wannan naira 162,000 ne.

Ɗan yayata ya yi shekara shida a wani kamfani a Kano. Ranar da ya dawo, da buhun kaya da fanka da risho a bayan babur, ya durƙusa a bakin zaure ya ce, "Kawu, an rage mu." Na yi masa jaje, sannan na ce, "Ina takardar sallamar?" Ya ce manaja ne kawai ya tara su a bakin ƙofa ya karanta sunaye. Bayan wata huɗu ya je kamfanin fansho, abu na farko da suka nema ita ce wannan takarda. Sau uku yana komawa Kano, kowace tafiya da bashin kuɗin mota, manajan da ya san shi ma an canza shi. Sai da wani tsohon wakilin ma'aikata ya shiga maganar sannan aka buga masa layi huɗu a takarda mai hatimi. Layi huɗun da ba za su ɗauki minti goma ba a ranar da aka sallame su, suka cinye masa wata biyu.

Ban da takardar sallama, za a nemi wasiƙar neman kuɗin da hannunka, hoton fasfo, shaidar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, lambar NIN, da lambar asusun banki mai sunanka. Sunan da ke kan NIN da na fansho da na banki su zama iri ɗaya, don "Muhammad" a nan "Mamman" a can ya isa ya tsayar da komai. Ba a biyan ko kwabo don cike wannan fom. Ka kuma nemi a buga maka bayanin asusunka ka duba wata wata, domin akwai masu aikin da ke cire kuɗin daga albashi su ƙi zubawa. Idan ka ga giɓi, hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, ce ke bin irin wannan bashi, ka rubuta mata.

Ko ya kamata a cire? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ra'ayina shi ne kuɗin tsufanka ne kake ci tun da ƙarfinka, saboda haka a sa shi inda zai haihu. Ɗan yayata ƙaramin injin ban-ruwa na hannu ya saya da taki, ya shiga noman rani a fadama. Wanda zai cire don biki ko sabuwar waya, ina roƙonsa ya haƙura ya bar shi.

Ni ma'aikacin jiha ne ko na ƙaramar hukuma. Wannan kashi 25 ya shafe ni?

Kano da Jigawa kowace da tsarin fanshonta. Ana cire kuɗi daga albashi, amma asusu guda na jiha ake tarawa a ƙarƙashin hukumar fansho ta jihar, ba asusun mutum shi kaɗai a kamfanin fansho ba. Saboda haka ƙa'idar kashi 25 ba ita ke aiki a kanka ba. Abin da za ka samu idan ka bar aiki kafin lokaci ya danganta da shekarun da ka yi da kuma yadda ka bari. Kafin ka rubuta komai, ka je ofishin DPM, wato daraktan kula da ma'aikata na ƙaramar hukuma, ko hukumar fansho a Dutse ko Kano a nuna maka dokar a rubuce.

Sun ce in rubuta takardar ajiye aiki da kaina don kada sunana ya ɓaci. In rubuta?

Kada ka rubuta a ranar. Ka ce a ba ka kwana biyu ka yi shawara. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba ya bin kuɗin notis, wani lokaci ma shi ake bi, kuma idan magana ta kai gaban hukuma za a ɗaga takardar a ce ai da hannunsa ya rubuta. Idan su ne ba sa son ka, su rubuta. Haka kuma kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da aka ce "an biya ni duk haƙƙina" alhali kuɗin bai shiga ba. Wanda ba ya karanta Turanci ya nemi a ba shi kwafi ya kai wa wanda ya amince da shi.

Inji ya cinye mini yatsu, daga nan aka sallame ni. Akwai diyya?

Akwai. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar da ke kula da diyyar ma'aikata, kuma haramun ne ya cire wannan daga albashinka. Daga nan ake biyan magani da diyyar naƙasa, ko a biya iyalin wanda ya rasu. Har hatsarin da ya same ka a hanya tsakanin gida da wurin aiki yana ciki. Wa'adi ne abin lura: ka sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Ko ɗori za a yi maka a gida, ka fara zuwa asibiti a buɗe maka kati, domin rahoton likita shi ne shaidarka.

Hutun haihuwa nawa doka ta ba mace, kuma da albashi ko babu?

Sashe na 54 ya ba ta mako 12: shida kafin haihuwa, shida bayanta. Na kafin haihuwa dama ce a hannunta, da zarar ta kawo takardar likita cewa ana sa ran za ta sauka cikin mako shida. Na bayan haihuwa kuwa dokar cewa ta yi ba a yarda a sa ta aiki ba sam. Mako shida kwana 42 ke nan, wato mai jego ta yi arba'in ɗinta cif da ƙarin kwana biyu. Wadda za ta tafi wankan gida a haihuwar fari, ta lissafa da wannan tun kafin a zo ɗaukarta.

Idan ta yi aƙalla wata shida tana aiki a wurin ba yankewa, za a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba duk tsawon hutun. Mai karɓar naira 40,000 ba za a ba ta ƙasa da 20,000 a wata ba. Bayan ta koma, tana da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Kuɗin asibiti dai dokar ba ta ɗora wa mai aiki ba. Wannan sashe ya shafi masana'antu da wuraren kasuwanci da manyan gonakin da ke ɗaukar ma'aikata, na gwamnati ko na 'yan kasuwa. Dokar ta fi magana kai tsaye kan masu aikin ƙarfi da akawu. Malamai da ma'aikatan jinya da manajoji, takardar ɗaukarsu da ƙa'idojin wurin aikinsu ake fara dubawa, shi ya sa nake cewa kowace mace ta nemi a rubuta mata maganar hutun haihuwa tun ranar ɗauka, tun kafin ma a yi maganar aure.

Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da aƙalla mako 16 da cikakken albashi, sannan a rage mata awa biyu a rana har wata shida bayan ta koma. Wasu jihohi sun wuce nan ga ma'aikatansu: Legas ta mayar da shi wata shida a 2014, Kaduna a 2019. Ni ina ganin nan ya kamata kowa ya dosa. A wurin awo ana gaya wa mata su ba jariri nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba shi. Yaya malamar da ke hawa babur zuwa makarantar da ke ƙauye na uku za ta cika wannan idan an ce ta dawo jariri yana da mako shida? Ma'aikaciyar jiha ko ƙaramar hukuma, ƙa'idojin aikin jiharta ne ke aiki a kanta, ta nemi a nuna mata shafin a sakatariya ko ofishin ilimi, kada ta tsaya ga "haka ake yi."

Za a iya korata saboda ciki?

Dokar ta hana a ba mace notis ɗin sallama tana cikin hutun haihuwa, ko notis ɗin da zai ƙare a cikin hutun. Haka ma idan ta ƙara kwanaki saboda rashin lafiyar da likita ya tabbatar daga cikin ko haihuwar ta taso.

Sai dai abin da na fi gani a garuruwanmu shi ne tun kafin a kore ta, kunya ta riga ta cire ta. 'Yar ƙanena tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, ciki na fari. Da ya fara fitowa sai ta koma dogon hijabi, da ya tsufa sai kawai ta daina zuwa, ba ta ce wa kowa uffan ba. Bayan arba'in ta koma ta tarar da wata a ajinta, aka ce ai ita ta gudu. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, ta ce, "Baffa, da wane baki zan gaya wa shugaban makaranta, sa'an babana?" Na fahimce ta sarai, haka muka tarbiyyantar da su. Amma da ta zo tun da wuri, da ba sai ta buɗe baki ba. Wasiƙa mai layi uku, a haɗa da takardar likita daga inda take awo, a ba maigidanta ko wata malama ta miƙa. A yi kwafi biyu, a sa wa ɗaya hannu da kwanan wata a dawo mata da shi. Takarda ba ta jin kunyar kowa.

Mu maza fa, akwai hutu idan matarka ta haihu?

Ga ma'aikacin gwamnatin tarayya akwai: kwana 14 na aiki, wanda majalisar zartarwa ta amince da shi a 2021, sau ɗaya a shekara biyu, har 'ya'ya huɗu. Dokar Ƙwadago kuwa ba ta ce komai a kai ba, saboda haka a kamfani sai abin da aka rubuta ko aka daidaita. Abin da kake da shi tabbas shi ne hutun shekara, aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan ka cika wata 12. Ka ajiye shi don wannan mako. Wanda ya taɓa yi ya san ba zama ake yi ba: itacen wanka, ɗebo ruwa, kayan kunun kanwa, neman rago, zirga-zirgar asibiti idan abin ya zo da tangarɗa. Ka nema a rubuce tun saura wata guda.

Takaba fa, ko jinyar mahaifi, ko rasuwa?

A nan dokar ta yi shiru, kuma wannan yana damuna. Kwana 12 na rashin lafiya da take bayarwa a shekara, da albashi da takardar likita, na ciwon ma'aikacin ne shi kansa, ba na jinyar wani ba. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, babu layi ɗaya a kanta a Dokar Ƙwadago. Abin yi shi ne tun cikin kwanakin zaman makoki wani namiji daga dangi ya kai wasiƙa wurin aikinta, a nemi a haɗa mata hutun shekara da hutun da ba albashi, ko a sauƙaƙa mata lokacin aiki. Malamai da yawa sun yi bayanin cewa mai takaba tana iya fita da rana saboda larura ta dawo ta kwana a ɗakinta, ta tambayi malamin da ta amince da shi. Babban haɗari shi ne a yi shiru wata huɗu, a ɗauka kowa ya sani, a wayi gari an rubuta ta bar aiki ba izini.

Idan kuma mamacin ne ma'aikaci a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ban da kuɗin asusunsa, akwai inshorar rai da doka ta wajabta wa mai aiki, wadda ba ta gaza albashin shekara uku ba. Magada su tambaya, su kuma samu takardar shaidar rasuwa tun da wuri.

Ni ba ma'aikaciyar kowa ba ce. Tsintar riɗi nake yi da dashen shinkafa, a biya ni a yini. Me ya rage mini?

Ke ce mafi yawa a cikinmu, kuma ke ce waɗannan dokoki suka fi mantawa da ke. Mai aikin yini ba ta da hutun haihuwa, ranar da ba ta fita ba ranar babu. An taɓa gwada wani abu a nan Jigawa: daga 2014 zuwa 2019, a Buji da Gagarawa da Kirikasamma, wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa ya riƙa ba mata masu ciki naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har yaro ya shekara biyu. Wannan ya nuna abu ne mai yiwuwa idan an so.

A yanzu, ki tambaya a asibitin da kike awo ko ana rajistar kula da lafiya kyauta ta masu ƙaramin ƙarfi, ta hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato KSCHMA a Kano, JICHMA a Jigawa. Tun 2019 kuma an buɗe ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu, inda mutum ke zuba abin da ya sawwaƙa, kuma ana iya cire wani kaso idan buƙata ta taso. Ki shirya da uwar adashi kwasarki ta faɗo a watan haihuwa, matan garinmu sun daɗe suna yi wa juna wannan. Gidan da ya shiga matsi sosai kada ya ji nauyin kai sunansa ga kwamitin zakka na masarauta ta hannun dagaci, ko Hukumar Zakka da Hubusi a Kano. Haƙƙinsu ne da Allah ya ba su.

An hana ni haƙƙina. Ina zan kai kuka?

Ka fara da wasiƙa zuwa ga mai aikin, cikin ladabi, ka faɗi adadin da kake bi da ranar da kake so a biya, ka riƙe kwafi. Sau da yawa idan dagaci ko liman ko wani dattijon kasuwa ya sa baki, ya tuna masa hadisin biyan ɗan ƙodago kafin guminsa ya bushe, magana takan ƙare a nan. Idan kana da ƙungiya, NUT ta malamai ko NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ko ta ma'aikatan lafiya, ka je wurinsu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga nan sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya da ke babban birnin jiha, suna kiran ɓangarori biyu su sasanta. Hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a ma tana sauraro kyauta, wanda ba shi da kuɗin lauya kuma ya nemi hukumar ba da agajin lauyoyi. Idan abu ya kai ga shari'a, rikicin aiki hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, kuma tana da reshe a Kano. Kada a ja lokaci, shaidu suna watsewa cirani, waya tana ɓata da alat ɗinta.

Idan zan zo a rubuta mini wasiƙa, me zan riƙo?

Duk takardar da ta taɓa fitowa daga wurin aikin, ko ta yage ko ta sha mai. Katin NIN, wayar da alat ke shiga, lambar fansho idan akwai, katin awo ko na asibiti idan maganar haihuwa ce ko rauni. Ka tuno ranar da ka fara aiki da ranar da ka daina. Idan kwanan wata ya ɓace maka, ka tuna ko kafin ƙaramar salla ne ko bayan girbin gero, za mu lalubo shi a kalanda. Ka sa su duka a leda saboda damina, ka yi kwafi biyu a shagon hoto na bakin kasuwa, na asalin kuma kada ka bar shi a kowane ofis.